Ruwan da Ban Tace Ba

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a garinmu ya san haka, tsufa ma bai gyara ni ba. Amma akwai magana ɗaya da na riƙe a ciki tun ina goyon ɗana na uku, ga shi yau jikokina suna goyon nasu. Duk waɗanda maganar ta shafa sun riga ni tafiya, saura ni, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Mahaifina malamin allo ne, bai sami ɗa namiji da wuri ba, don haka ni ya zaunar a gabansa ya koya wa karatu da rubutun ajami, mutane suna ta cewa ɓarnar tawada yake yi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa. In ka hau tudun bayan gari kana hango duwatsun da kawunan dabino. A lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ƙasar ba, yawancinmu labarinsu kawai muke ji a bakin fatake. Rijiyarmu ɗaya ce, ga nisa ga zurfi, ruwanta kuma zartsi. Saboda haka da zarar ruwan sama ya sauka kowa sai ya koma kududdufin bakin gari, inda aka haƙi ƙasar gini. Ruwansa da daɗi, kuma taku kaɗan ne daga ƙofar gida.

Maigidana baƙo ne a garin. Daga gabas ya zo cin rani, ya zauna karatu wurin Baba, ya gan ni na gan shi, aka ɗaura. Ba shi da wa ba shi da ƙane a nan kusa. Dagaci ne ya ba shi gona, jigawa mai kyau wadda gero ke so, bisa sharaɗin da kowane baƙo ya sani: muddin kana nomawa taka ce, in ka bar ta ta koma saura, a ba mai hannu. Shekara huɗu muna cika rumbu har muna ba maƙwabta aron iri. Daga nan kurkunu ya san gidanmu.

Abin da ke ƙona mini rai game da kurkunu har yau shi ne ya san lokaci. Ba ya zuwa da rani, lokacin da namiji ke zaune gindin bishiya yana tufkar igiya. Sai an yi shuka, gero ya fito, ciyawa ta biyo shi, sannan mutum ya ji ƙaiƙayi a idon sawu. Bororo ya taso, ya fashe, farin zare ya leƙo. A naɗe shi a tsinke, kullum a ja ɗan kaɗan, in aka yi gaggawa ya tsinke ƙafa ta kumbura kamar turmi. Wata biyu, wata uku, ƙato yana kwance yana kallon rufin ɗaki, gonarsa tana zama daji. Kuma ba ka da wanda za ka kira gayya, don rabin mazan gari suna kwance irin kwanciyarka.

Daminar farko guda biyu suka fito masa. Abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Muka sayar da awaki, muka ci dusa, muka ci tafasa da yaɗiya ba tsaba a ciki. Da bazara 'yata ta biyu, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta fara zawo, jikin babu abin da zai tare shi, kwana shida ta koma. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, na yarda, amma na san yunwa ce ta buɗe ƙofar. Maigida ya taka har kasuwar Dutse ya sayo farin akoko aka yi mata sutura. Ɗan ƙyalle ya ragu, bai fi kamu ɗaya ba, na linke shi na sa a ƙasan tukunyar kayana, ban san dalili ba.

Damina ta biyu bai ma jira shuka ba, ko ruwan kirki ba a yi ba bororo uku suka taso masa, ɗaya a gwiwa. Na zauna bakin murhu ba wuta, na rasa ma kukan da zan yi.

A wannan makon ne wani Bature ya sauka gidan dagaci. Ba mai mulki ba ne, ba kuma mai sayen gyaɗa ba. An ce malami ne daga wata babbar makaranta a ƙasarsu, irin wadda yanzu ake ce wa jami'a, aikinsa binciken cututtukan da ke cikin ruwa, yana bin garuruwa yana gaya wa mutane abin da ya gano. Dagaci ya tara masa maza a ƙofar gida. Mata ba a kira mu ba, alhali mu ke ɗibar ruwan, mu ke zuba shi a randa. Daga gidanmu ba wanda ya je, tunda namijin gidan yana kwance. Da yamma na ji maza suna wucewa ta bayan danga suna dariya, wai Nasara ya ce kurkunu shan sa ake yi a ruwa. Kowa kuwa ya san jijiya ce ke mutuwa a jiki in sabon ruwa ya taɓa ta, haka muka taso muka ji.

Washegari da hantsi na ɗauki tulu. Ranar ce farkon zuwana kududdufi a shekarar, don sai a makon ya tara ruwa. Ina isa na tarar da Baturen tsamo-tsamo a ciki har gwiwa, wuyansa ja wur, yana cika kwalabe. Tafintansa, wani Bakano mai babbar riga, yana tsaye a gefe ya tattare ta kada ta taɓa laka. Raina dama a ɓace yake.

Na ce, "Malam, ka gaya wa ubangidanka ya fita mana daga ruwan sha. Ko a garinsu haka ake yi?"

Tafinta ya zaro ido. "Ke baiwar Allah, kin san da wa kike magana?"

"Da kai nake magana, shi ai ba ya ji."

Baturen ya tambaye shi abin da na ce. Da aka fassara masa sai ya yi dariya, ya fito daga ruwan, ya ce ina da gaskiya. Ya ɗaga kwalba ɗaya saitin rana ya yafuto ni. Na tsaya ina shakka, sannan na ce a raina me ya rage da zan ji tsoro, na matsa. Ya ɗora wani ɗan madubi mai ƙara girman abu a jikin kwalbar. Ruwan da nake gani garau, ashe cike yake da wasu fararen ƙwari ƙanana, suna zillo suna tsayawa, suna zillo suna tsayawa. Wannan ruwan na ba 'yata da hannuna.

Ta bakin tafinta ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda Baba ke biya wa mai koyo. Kurkunu ba jijiya ba ce, tsutsa ce. In mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa a kududdufi don ya ji sanyi, tsutsar sai ta zubar da 'ya'yanta a ruwa. Ƙwarin nan su haɗiye su, mu kuma mu haɗiye ƙwarin. Abin ya kwana a jikin mutum shekara guda cur ba a sani ba, sai wata daminar ya fito. Wanda ke ƙafar maigidana yanzu, tun bara ya sha shi, ba abin da za a yi masa sai jinya. Amma na baɗi, yanzu ne ake shan sa. Ya ciro wani ƙyalle mai matsattsen saƙa, ya ɗaure bakin wata kwalbar, ya zuba ruwan ta ciki, ya sake ɗagawa. Ba ko ɗaya. Ya juya ƙyallen ya nuna mini su a manne.

Na ajiye tulu na ce, "Tambaye shi, in na tace, baɗi maigidana zai yi noma?"

Suka yi magana, tafinta ya juyo. "Ya ce zai yi, in dai daga yau bai sha wanda ba a tace ba. Ya ce in gaya miki ko kurɓi ɗaya."

"Ko kurɓi ɗaya," na maimaita.

Kwana biyu suka ƙara suka wuce wajen Taura, ban sake ganin su ba. Ni kuwa ina komawa gida na buɗe tukunyar kayana na ciro ragowar akokon nan. Shi kaɗai ne ƙyalle mai matsattsen saƙa a gidan. Na daɗe riƙe da shi kafin na ɗaura shi a bakin randa, kuma ban gaya wa kowa ko na mene ne ba.

Daga ranar na zama masifa a gidana. Ruwan sha, ruwan dama fura, ruwan jiƙa tsamiya, har ruwan alwala, tunda ana kurkure baki da shi, duk sai sun bi ta ƙyallen. Babbar 'yata na rataya mata gora a wuya, na ce in na ji ta sha ruwa a gidan wani sai na karya ta. Ran da ta sha a gidan ƙawarta, ruwan rijiya ne ma ashe, na yi mata dukan da har yau in na tuna sai na ji kunya. In na gama taci sai in kai ƙyallen bayan ɗaki in wanke shi da ruwan zafi, in zubar da dauɗar a makwarara inda kowa ke takawa. Matan gari suka sa mini suna matar Nasara. In na doso kududdufi sai wata ta ce, "A ba ta hanya, mai rariya ta zo." Na rama, ba na barin ko ɗaya ta wuce. Amma mata uku ko huɗu suka riƙa kwaikwayona a ɓoye, matar dagaci kuma, tsohuwa mai hankali, ta ce da ni, "'Yar malam, ki riƙe. Mu dai muna kallon gidanki, baɗi ƙafafunku za su gaya mana gaskiya."

Ana cikin haka tsutsar gwiwar maigida ta tsinke. Ƙafar ta haye, zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa kiran sunayen mutanen garinsu da ban sani ba. Na ruga wurin Baba. Mahaifina Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, kwantar da hankalinki. Kullum da hantsi ki zo ki karɓi rubutu, har kwana arba'in."

Washegari na zauna a zaurensa ina kallo yana rubutawa. Na iya karatu, don haka na san abin da ke kan allon, ayoyin waraka ne, ina bin su da leɓe har ya kai ƙarshe. Ya ɗebo ruwa daga randar gidansa, ya wanke allon a ƙwarya a hankali, bai bar ko ɗigo ya faɗi ƙasa ba, ya miƙo mini da hannu biyu. Randar gidansa daga kududdufi ake cika ta, kamar ta kowa. Na san haka sarai.

Da na iso gida na shimfiɗa ƙyallena a bakin moɗa, na ɗaga ƙwaryar zan zuba, sai hannuna ya tsaya. Na dubi baƙin ruwan nan. In na tace, tawadar za ta kama ƙyallen. Ke nan wani abu na ayoyin zai tsaya a ciki, maigida ya sha saura, ni kuma in kai ƙyallen bayan ɗaki in wanke, in zubar a makwarara inda kaji ke tono, mutane suna takawa. Ni 'yar malam, da tun ina ƙarama aka koya mini ko takarda mai rubutu na gani a ƙasa in ɗauke in soka a danga. Na ce a raina, wane ƙwaro ne zai iya zama cikin maganar Allah? Na janye ƙyallen, na tallafo kan maigida na ba shi ya shanye.

Haka na yi kwana arba'in. Wallahi ni da na tuna da ruwan alwala, ni da na doki yarinya a kan kurɓi ɗaya, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa akwai wata hanya. A ganina abu biyu ne kawai, ko in tace ayoyin ko in bar su. Kuma maigida ya samu sauƙi, kumburin ya saɓe, sai dai gwiwar ta ɗan sandare. Na yi ta godiya ga Allah, na manta da zancen.

Gonar kuwa a daminar nan ni na shiga da goyo a baya, abin da matan gidanmu ba su taɓa yi ba. Kusurwa ɗaya na iya nomewa, sauran ta koma ciyawa har ƙugu. Da kaka dagaci ya zo da kansa duba maigida, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, ba don ba na tausayinka ba. Amma akwai masu 'ya'ya maza da ke ta zuwa mini a kan gonar nan. Na tare su bana. In baɗi ma ta kwana haka, ba ni da bakin da zan sake tare su." Maigida ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ni ina bayan ƙofa ina cizon zane.

Ranin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Na yi dakau a gidajen mutane ana biyana da dusa da ɗan tsaba, na yi kaɗi har yatsuna suka fashe. Baba yana aiko mana da rabin duk sadakar hatsin da aka kawo masa, da ita muka rayu. Irin shuka na zuba a tukunya na liƙe bakin da laka na tura ƙarƙashin gado. Akwai ranar da yaran suka yi ta kukan yunwa tun safe, ni kuma ina zaune a kan gadon nan, ƙasa da ni akwai gero mudu shida, na toshe kunnuwana. Abin da ke riƙe da ni ɗaya ne: baɗi zai yi noma, Bature ya ce zai yi, kuma na ga ƙwarin da idona.

Ruwa ya sauka. Muka fita shuka mu biyu, yana sara da sungumi ina jefa iri ina rufewa da diddige. Yana ɗan ɗingishi amma ƙarfinsa ya dawo, har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Gero ya fito layi-layi. A cikin gari kuwa kurkunu ya fara bin gidaje kamar yadda ya saba, yau wannan gobe wancan. Gidanmu shiru. Ni lafiya, yara lafiya, maigida lafiya. Kullum da safe sai na duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ƙwai. Mata suka fara shigowa, wai sun zo aron rariya ko garwashi, idonsu yana kan randata. Wata ta tambaye ni inda ake samun irin ƙyallen. Bakina kuma ya buɗe, Allah ya yafe mini. A bakin kududdufi na tsaya na ce, "Ina masu cewa matar Nasara? Ku zo gidana ku ƙirga ƙafafu."

Aka shiga noman fari. Kwana uku yana fita da asuba yana dawowa da la'asar, ya nome kusan kashi ɗaya cikin uku. Rana ta huɗu ina tsakar gida ina surfe, rana ko tsaka ba ta yi ba, sai na ji sallamarsa. Ya jingine fartanya, ya zauna a kan turmin da ke kife, bai dube ni ba. Hannunsa yana kan idon sawunsa na dama yana susa. Na saki taɓarya na durƙusa na janye hannun. Bororo ne, ƙarami, cike da ruwa. Kafin mako ya zagayo wasu biyu suka taso a ɗaya ƙafar.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na zauna ina bin shekarar nan a kaina kurɓi-kurɓi. Bai je kasuwa da damina ba, yana kwance. Bai sha a gidan kowa ba. Duk abin da ya shiga bakinsa ta hannuna ya bi. Ni da yara mun sha abin da ya sha, ga mu lafiya. To me ya sha da mu ba mu sha ba? Ina ɗaga kai sai idona ya faɗa kan 'yar ƙwaryar nan a rataye jikin bango, cikinta har yanzu da baƙin tawada.

Bayan azahar na tarar da Baba shi kaɗai a zaure, a kan buzunsa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na gaya masa komai, kwalbar Bature, ƙwarin, kurɓi ɗaya, da yadda hannuna ya tsaya a kan moɗa. Ina magana muryata tana hawa, ban san da wa nake faɗa ba, da shi ko da kaina. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Uwata, da kin kawo mini naki ruwan, tatacce, ai da shi zan wanke allon. A tace kafin a wanke, ba bayan an wanke ba. Ayar Allah ba ta ƙin ruwa mai tsabta."

Shi ke nan. Maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Gora ɗaya zan riƙo daga gidana zuwa nasa, tafiyar da ba ta kai a tauna goro ba. Na kifa kaina a ƙasan zauren na yi kukan da ban yi ba ran da aka binne 'yata.

Ya ce, "Tashi. Ni na rubuta, ni na ɗebo ruwan, ni na miƙa miki. Na ga kina taci ban tambaye ki dalili ba, na ɗauka rigimarki ce ta kullum. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai."

Na ce, "Baba, mata suna kallon gidana. In ban faɗa ba za su ce tacin ƙarya ne."

Ya ce, "Haka ne. Ki faɗa in za ki iya, ban hana ki ba. Amma ki san abin da kunnensu zai ji. Ba za su ji zancen ruwa ba. Za su ji 'yar malam ta ce rubutun ubanta ya sa wa mijinta kurkunu."

Na san gaskiya ya faɗa. Na san yadda maganar za ta isa kasuwar Kiyawa kafin Juma'a, da irin kamar da za ta koma a hanya. Mutumin nan ba shi da komai sai mutuncinsa da allonsa, kuma sadakar da ake kawo wa allon nan ita ce ta raya mini yara biyu a ranin da ya wuce, ita ce kuma za ta raya su a mai zuwa.

Bayan 'yan kwanaki matar dagaci ta shigo da wasu mata. Suka gaida maigida a kwance da tsinke a ƙafa, suka yi masa sannu. Da za su fita tsohuwar ta tsaya bakin randata, ta taɓa ƙyallen da yatsa, ta ce, "To, 'yar malam, kin yi iya yinki. Ashe dai abin ba a ruwa yake ba." Ba da gori ta faɗa ba, da tausayi. Maganar tana nan a bakina, har na buɗe shi. Ni da ban taɓa barin kowa ya yi ta ƙarshe a kaina ba, na ce, "Haka Allah ya so." A makon nan duk waɗanda suka ɗaura ƙyalle a randa suka kwance.

Na sake ɗaukar fartanya. Ina fita tun da sanyin safiya, ina nome layi biyu ciyawa tana cinye huɗu a bayana. Na roƙi maza uku su taimaka mini ko da yini ɗaya, biyu suna kwance, na ukun ya ce tasa ma ta fi ƙarfinsa. Na yi ta sara ina zagin ciyawa da ƙarfi kamar mahaukaciya, har tafin hannuna ya saluɓe. Geron da muka shuka muna waƙa ya tsaya iya gwiwa, ya yi rawaya, ya shaƙe. Da kaka dagaci bai zo da kansa ba, aike ya yi. Aka ba wani mai 'ya'ya maza huɗu gonar, aka bar mana ɗan fegin bayan gida.

Ran da aiken ya zo maigida ya kira ni ɗaki. Na zaci faɗa zai yi, har na so ya yi. Sai ya ce, "Ke dai kin wahala a kaina. Kada ki sa abin a ranki, Nasaran nan ne ya yaudare ki, ba laifinki ba ne. Ki huta da tacin nan haka." Na dube shi, ƙato ya koma ƙashi da fata, yana lallashina. Na ce to. Ban gaya masa ba, kuma ban daina taci ba.

Baba kuwa tun ran da na same shi a zaure bai sake wanke allo ba sai ya tace ruwan ta gefen rawaninsa. Mutane suka ɗauka waswasin tsufa ne, bai kuwa gyara musu ba har ya rasu. Bayan rasuwarsa na so in yi magana, sai na ga ai yanzu zargin mamaci za a ce ina yi. Daga baya kuma abin ya yi nisa, ban san ta inda zan faro ba. Shekara da shekaru garinmu yana shan kududdufi haka nan, har aka zo aka gina mana rijiyar siminti. Kowace damina ina ganin maza suna jan gindi zuwa inuwa da tsinke a ƙafa, matansu suna wucewa da ƙwaryar aron hatsi, ina sane da abin da zan ce musu, ina wucewa.

Maigida bai sake samun gona tasa ba. Ƙwadago ya riƙa yi, sau da yawa a tsohuwar gonar tasa, yana jan gwiwar nan, ana sallamarsa da yamma da mudun gero. Kurkunu bai sake fito masa ba ko sau ɗaya, haka yaranmu, shi kuwa ya ce ciwon ne ya gaji da shi. Akokon ya mutu tuntuni, na canza ƙyalle ya fi a ƙirga.

A ciwonsa na ƙarshe, wata ranar Laraba da hantsi, ya nemi ruwa. Na ɗebo daga randa, kuma bisa sabo na shimfiɗa ƙyalle a bakin moɗa na sake zubawa ta ciki, alhali ruwan rijiyar siminti ne. Yana kallona daga kan gado. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu."

Na tallafo kansa kamar yadda na tallafa sau arba'in a waccan daminar, ya sha, ya ce Allah ya yi mini albarka, ban taɓa ba shi abin da zai cuce shi ba. Na ce amin, na mayar da moɗar kan randa.